Abin da Aka Yanke a Abuja, a Kasuwar Jibiya Yake Sauka

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba ƙasar. Waɗanda suka fara ji a jikinsu ba su halarci taron ba: direban da motarsa ta maƙale a Illela da albasa tana ruɓewa, dillalin shanu a Maigatari, ɗan kasuwar Jibiya da abokan cinikinsa ke Maraɗi. Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi har Borno. Saboda haka duk mai ganin manufofin ƙasashen waje harkar manya ce kawai, bai san inda tuwonsa ke fitowa ba.

To, wa ke da wuƙa da nama? Tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa manufar a sashe na 19: kare muradun ƙasa, haɗa kan Afirka, mutunta dokokin duniya da yarjejeniyoyi, da warware rikici ta hanyar tattaunawa da sulhu. Shugaban ƙasa ne ke riƙe da akala, Ma'aikatar Harkokin Waje da jakadu ke aiwatarwa. Amma ba a sakar masa mara ya yi yadda ya ga dama ba. Jakadan da ya zaɓa sai Majalisar Dattawa ta amince. Sashe na 12 ya ce yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sashe na 5 kuma ya hana shi ƙaddamar da yaƙi sai da amincewar majalisun biyu a zama na haɗin gwiwa, ya hana tura soja fagen daga a waje sai da yardar sanatoci, in ban da halin gaggawa, wanda ko a nan dole ya nemi yardarsu cikin kwana bakwai.

Wani zai ce wannan duk rubutu ne a takarda, talaka ba shi da bakin magana. Abin da ya faru a Agustan 2023 ya ƙaryata shi. Da maganar yaƙi ta yi zafi, sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda ba, Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka je Yamai, Muhammadu Sanusi II, wanda a lokacin tsohon Sarkin Kano ne, ya gana da Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi sahu. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Sanatocin nan kuwa koken masallatai da kasuwannin mazaɓunsu ne ya sa suka motsa.

Masu goyon bayan takunkumin ma suna da hujja: ƙasashen yankin sun yi alkawari tun 2001 cewa ba za su lamunci karɓar mulki da bindiga ba, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Sai dai da sakamako ake auna mataki. An janye takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da Bazoum ya koma kujerarsa ba, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A ganina an ɗauki matakin ba a lissafa wanda zai biya kuɗinsa ba. Haka nan masu cewa diflomasiyya sai da sirri, gaskiyarsu ne yayin da ake kan teburin ciniki. Amma da zarar an sa hannu, al'ummar da aka sa hannu da sunanta tana da haƙƙin ganin abin da aka rubuta.

Inda jama'a ba su san waɗannan ƙa'idoji ba, nan jita-jita ke yin gida. Wani zai turo murya a WhatsApp cewa an sayar da ƙasa ko gobe za a shiga yaƙi, hankali ya tashi a banza. Idan irin wannan saƙo ya iso maka, kafin ka tura wa kowa, tambayi sunan yarjejeniyar, da wanda ya sa hannu, da ko ta je gaban majalisa. Sannan ka nemi sanatanka da ɗan majalisar wakilanka su faɗi matsayinsu a fili, domin ƙuri'arka ce ta kai su.