Rogo Mai Ɗaci Da Ƙarfin Jikin Mutum

'Yan'uwa manoma, rogo abokin talaka ne. Yana jure fari, yana jiranmu a cikin ƙasa har ranar da hatsi ya ƙare a rumbu. Amma rogo mai ɗaci yana ɗauke da wata guba mai suna sayanayid, kuma ya kamata kowace ƙungiya ta san irin ɓarnarta.

Allah ya gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikinsu akwai wasu 'yan abubuwa masu aiki kamar murhu, likitoci suna ce musu mitokondiriya. A nan abincin da muka ci yake haɗuwa da iskar da muka shaƙa ya zama ƙarfi. Sayanayid yakan kashe wutar wannan murhu. Ga iska a cikin jini, amma jiki ya kasa amfani da ita. Shi ya sa wanda ya ci rogon da ba a gyara ba yakan yi jiri, da amai, da kasala, wani ma ya rasa ransa.

Fari yana ƙara wa rogo guba, yunwa kuwa takan sa a ci shi da gaggawa. Haka ya faru a lardin Nampula na ƙasar Mozambik a shekarar 1981, inda ƙafafun mutane fiye da 1,000 suka shanye, yawancinsu mata da yara. Sunan cutar konzo, kuma ba ta warkewa.

Ana iya gane haɗarin tun kafin ya kai haka. Jiki yakan rage kaifin gubar ya fitar da ita ta fitsari. Saboda haka ma'aikatan lafiya sukan auna fitsarin 'yan makaranta a ɗakin gwaji, su san yawan gubar da mutanen ƙauye suke ci. Ana auna garin rogo ma. Bai kamata gubar ta wuce miligiram 10 a kilo ɗaya ba.

To, mene ne namu aikin? Mu fere rogo, mu jiƙa shi kwana 3 zuwa 4 har ya yi laushi, sa'an nan mu shanya shi sarai. Garin da muke shakkarsa, mu kwaɓa shi da ruwa, mu baza shi siriri a inuwa awa 5 kafin a tuƙa. Ganyen rogo kuwa a daka shi, a dafa sosai, tukunya a buɗe. Mu riƙa haɗawa da wake, gyaɗa, kifi ko ƙwai, gama da irin wannan abinci ne jiki yake yaƙar gubar. Kada a bar yara su ci ɗanyen rogo a gona.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi da zumuntar mata su tattauna wannan a taronsu na gaba. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu.