Gashin bakin ɓera ne idonsa a cikin mangaza

Duk mai ajiyar gero ko wake a Tasawa da Mayahi ya san ɓarnar ɓera, ko kusu kamar yadda muke kiransa a nan. A kulle mangaza cikin duhu, gari ya waye a tarar da buhu a huje. To yaya yake gane hanya alhali ganinsa ba shi da ƙarfi?

Amsar tana ga gashin bakinsa. Dogayen gashin nan sun kai kimanin 30 a kowane gefe, jere cikin layi 5, kuma yana kaɗa su gaba da baya sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. A shekarar 1970 wasu masana biyu a Amurka, Thomas Woolsey da Hendrik Van der Loos, suka duba saman ƙwaƙwalwar ɓera, suka ga ƙwayoyinta sun taru rukuni-rukuni kamar tukwane a rumfar mai sayarwa. Kowane gashi da tukunyarsa, kuma jerinsu a ƙwaƙwalwa daidai yake da jerin gashin a fuska. Da gashi ya taɓa abu, jijiya ta kai saƙo tukunyarsa, na hagu ya tafi ɓangaren dama, na dama ya tafi hagu. Da haka yake gane faɗin rami, yake bambance mai santsi da mai kaushi, kusan yadda 'yar kasuwa ke gane atamfa mai kyau da yatsunta.

Shi ya sa ɓera ba ya son ratsa fili, bango yake bi yana shafa shi. Mu kuwa sai mu jingina buhuna da bango, mun shimfiɗa masa hanya ke nan har bakin abinci. Abin ya fi ciwo ga buhun PICS mai riɓi uku, wanda masanan INRAN na Maraɗi suka taimaka aka gwada: amfaninsa hana iska shiga don ƙwari su mutu, huji ɗaya kuwa ya isa ya ɓata wannan.

A ɗora buhuna kan katako, a bar tazarar da mutum zai wuce tsakaninsu da bango. Tarko kuma a kafa shi manne da bango inda ake ganin kashinsa. Babban ɓera yana tsargin sabon abu, don haka a bar tarkon da abinci kwana biyu ko uku kafin a ɗana.