Auna Taurari Masu Saurin Juyawa

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a filin makaranta a Mahuta, cikin masarautar Zuru, bayan sallar isha'i a watan Satumba, in sama ta washe, zai ga wani farin tauraro mai haske kusan a tsakar kansa. Sunansa Altayir, daga Larabci "An-Nasrud Ɗa'ir", wato mikiya mai shawagi. A ido ɗigon haske ne kawai, amma masana sun tabbatar cewa ba mulmulalle ba ne kamar ƙwallo. Ya fi kama da kabewa. To, ta ƙaƙa suka gane haka?

Matsalar nisa

Hasken Altayir yakan yi kusan shekara 17 kafin ya iso mana, alhali na rana minti takwas da 'yan kai ya ishe shi. Saboda wannan nisa, hango faɗinsa tamkar mutum ne a Mahuta ya ce zai auna ƙwayar gyaɗa ɗaya da aka ajiye a Legas. Madubin hangen nesa guda ɗaya ba zai iya fayyace siffarsa ba sai faɗinsa ya kai ɗaruruwan mitoci, kuma ba a taɓa ƙera irinsa ba.

Dabarar haɗa madubai

Mu masu nazarin halittu mun san mujiya takan gane inda ɓera yake cikin duhu saboda sauti yakan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan. Masana taurari ma da "kunnuwa" biyu suke aiki. Haske tafiya yake kamar igiyar ruwa. Jefa tsakuwa biyu a kududdufi, za ka ga inda igiyoyin suka haɗu wani wuri sun ƙara tudu, wani wuri sun kashe juna. Haka nan in aka haɗa hasken tauraro daga madubai biyu masu tazara, sai zane-zanen haske da duhu su bayyana. Ana ƙara tazarar, zanen yana dusashewa, kuma daga yadda ya dusashe ake lissafa faɗin tauraron. Na'urar da ke wannan aiki ita ce intaferomita. Da ita Albert Michelson da Francis Pease suka fara auna faɗin tauraron Betelgeuse a Dutsen Wilson, Amurka, a 1920.

In aka auna tauraro ta fuskoki daban-daban, kuma faɗin ya bambanta, an gane ke nan ba mulmulalle ba ne.

Abin da aka gano

A 2001 Gerard van Belle da abokan aikinsa suka nuna a Palomar, Amurka, cewa Altayir ya fi faɗi ta ƙugu. A 2007 kuma John Monnier na Jami'ar Michigan ya jagoranci fitar da hoton fuskarsa, ta amfani da CHARA, jerin madubai shida a Dutsen Wilson waɗanda tazarar mafi nisansu ta kai mita 330. An samu faɗin ƙugunsa ya ɗara tsawonsa daga kai zuwa gindi da fiye da kashi 20 cikin ɗari.

Dalili shi ne juyi. Rana takan ɗauki kimanin kwana 25 kafin ƙugunta ya kewayo, amma Altayir cikin kimanin awa tara yake gamawa. Kamar yadda dutsen majaujawa yake neman kuɓucewa in ana wulwula shi, haka iskar da ke ƙugun tauraron take turowa waje.

Akwai kuma bambancin zafi. Tun 1924 Hugo von Zeipel, mutumin Suwidin, ya lissafa cewa ƙugun irin wannan tauraro zai fi kansa sanyi da duhu. Hoton ya gaskata shi: kan Altayir ya kai kimanin digiri 8,500 a ma'aunin Kelbin, ƙugun kuwa kimanin 6,900, ko da yake bambancin bai kai yadda lissafinsa ya nuna ba.

Muhimmancinsa

Da zafi da hasken tauraro ake ƙiyasta nauyinsa da shekarunsa. Idan kuwa kai ya fi ƙugu zafi, amsar ta danganta ke nan ga ɓangaren da ya fuskanto mu. Tauraron Bega misali ne. An daɗe ana gwada hasken sauran taurari da nasa, ana zaton a hankali yake juyawa. Sai a 2006 awon intaferomita ya tabbatar da cewa shi ma mai saurin juyi ne, ta kai kawai muke kallonsa. Dole aka sake lissafin shekarunsa.

Kammalawa

Malami na iya fara wannan darasi da tsakuwa biyu da kwanon ruwa, sa'an nan da dare ya nuna wa ɗalibai Altayir. Su tuna cewa kafin su tashi sallar asuba, tauraron nan ya kusa kewaya kansa sau ɗaya cur.