Eriyar Saman Mota Ta Karye? Abin Dubawa Kafin A Sayi Sabuwa

Reshen bishiya, ƙofar gareji ko hannun yara a bakin layi, kowanne na iya karya eriyar da ke saman mota. Yawancin matasa ba sa damuwa, tunda waƙoƙinsu a waya suke, ta Bluetooth suke ji. Sai ranar da data ta ƙare a hanyar Kano zuwa Zariya, a kunna rediyo a ji shuuu kawai, ko kuma damina ta faɗi a ga silin ɗin motar ya jiƙe.

Abin da za a fara tantancewa shi ne sandar ce ta karye ko gindinta. Idan sandar ce, aikin minti biyu ne: a warware guntun, a ɗaura sabuwa. A tafi da tsohuwar kasuwa dai, domin zaren ba ɗaya ba ne, akwai M5 akwai M6. Tsawo ma yana da dalili. Eriyar da ta dace da zangon FM takan kai kusan santimita 75, shi ya sa 'yan gajerun nan masu kyan gani ke kama tasha a cikin gari, amma da an yi nisa sai murya ta fara yankewa.

Gindin ne ke da aiki. Noti ɗaya ke riƙe da shi ta cikin mota, kuma ba a kai wa gare shi sai an sassauta silin ta baya. A motocin da ke da jakar iska ta gefe, tana kwance ne a bakin silin ɗin, don haka a cire batir tukuna, ko a bar wa mai wayarin.

Eriyar zamani mai kama da ƙayar bayan kifi ta wuce rediyo kaɗai. A cikinta ana iya samun na'urar ƙara ƙarfin sigina mai cin wutar 12V, da eriyar GPS, a wasu motocin har da ta layin waya. Kawunan wayoyinta, da ake kira Fakra, launi ke bambanta su: shuɗi na GPS, fari ko baƙi na rediyo. Ɗaukar hotonsu da waya kafin a cire komai yana rage gardama da mai shago. Motocin da aka shigo da su daga Amurka kuma sukan zo da layin SiriusXM, wanda ba ya aiki a Najeriya, babu dalilin biyan kuɗi dominsa.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ƙayar kifi ta roba mai araha da ake mannawa da gam. Da yawa kwalliya ce zalla, wasu kuma ɗan siririn waya ne a ciki. Rana tana cin gam ɗin, ruwa ya bi ramin ya sauka kan silin da wayoyi, daga nan sai tsatsa. Tsohuwar eriya ta asali daga irin motar, wadda ake nema a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ta fi ta nesa ba kusa ba, muddin robar da ke ƙasanta ba ta tsage ba. Bayan an ɗaure noti, a zuba ruwa a kan rufin a leƙa ciki kafin a mayar da silin.

Wani lokacin ma eriyar lafiyarta ƙalau. Tsofaffin rediyoyin da aka ƙera don kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 suke tsayawa, ba za su kama Freedom Radio a 99.5 ba ko an sa sabuwar eriya, sai an haɗa musu na'urar sauya zango.