Wa Ya Saci Lafiyar Ƙarami?

Mai karatu, gyara zama, ga wani kacici-kacici. Ka ɗauka akwai wasu tagwaye, uwa ɗaya uba ɗaya, mu kira su Babba da Ƙarami. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki a wata ma'aikata da ke Sakatariyar Tarayya a Abuja, matakin albashinsu ɗaya, teburansu suna kallon juna. Babu mai shan taba a cikinsu, balle giya. Bayan shekara goma Babba na nan garau. Ƙarami kuwa ya ajiye tumbi, bayansa na ciwo, idanunsa jajur, abu kaɗan ya hau faɗa, likita kuma ya ɗora shi a kan maganin hawan jini. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai mai hannu a wannan aika-aika, kuma yau sai mun zaƙulo shi.

Wanda za a fara tuhuma shi ne gado, domin hawan jini yana bin dangi. To amma jinin da ke jikin Ƙarami shi ne a jikin Babba, don haka mu sallame shi. Gwaggonsu kuma ta riga ta yanke hukunci daga ƙauye: sammu ne, hassadar abokan aiki ce. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya, amma wane irin mahassadi ne zai tsallake Babba, mai kama ɗaya da muƙami ɗaya, ya jefi Ƙarami kaɗai? Mu ajiye wannan. Akwai wanda ya fi kama da mai laifi, yana can a ofishin sama.

Oga ke nan. Mutum ne mai tsawa, mai kiran taro ana dab da tashi. Ga shaida mai ƙarfi a kansa: duk lokacin da Ƙarami ya tafi hutun shekara, jininsa na sauka, fuskarsa na washewa. Biri ya yi kama da mutum. Sai dai kash, wata rana aka tura su taron bita na mako biyu a Kaduna, masauki da zauren taro a gini ɗaya, ogan nan yana kansu safe da yamma. Tsawar ba ta ragu ba, aikin ma ƙaruwa ya yi. Amma Ƙarami ya dawo da sauƙi, kamar wanda ya je hutu. Oga ya kuɓuta. To mene ne ya ɓace a Kaduna?

Wani zai ce girkin gida ne ya ɓace. Uwargida ce ke cika gishiri da mai da dunƙule. Zargin ba na wasa ba ne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana. Muka kira Hajiya ta kare kanta. Amsarta ɗaya: “Yaushe rabon da ya ci abincina da zafinsa?” Daga Litinin zuwa Juma'a, tuwon da ta rufe masa a kula shi yara ke ɗumamawa da safe. Ba ta ba shi gishiri ba, domin ba ta samun ba shi komai. To a ina yake ci? Riƙe wannan tambayar, za ta yi mana rana.

Saura kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wane ma'aikaci ne bai san zafin aljihu ba? Tabbas bashi ne ke hana Ƙarami barci. Muka buɗe lissafinsu. Abin mamaki, Babba ne a matse, kusan rabin samunsa yana tafiya a kuɗin haya. Ƙarami kuwa hayarsa araha ce, gidansa ya fi faɗi, har da tsakar gida. Wanda ya fi sauƙin haya shi ya fi ciwo. A nan gashin jikin mai bincike ya kamata ya tashi.

Mu leƙa wani tsohon fayil. A shekarar 1953, wani likitan Birtaniya mai suna Jerry Morris ya duba ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta, mota ɗaya, titi ɗaya. Sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, masu wuni a kujera, fiye da kwandastoci masu hawa da sauka suna karɓar kuɗi. Zama, ashe, ba hutu ba ne kullum. Amma ai tagwayenmu duka a kujera suke wuni, awa takwas-takwas. Sai fa idan ɗayansu yana da wata kujerar da ba mu ƙirga ba.

Tambaya ɗaya ta rage. A ina kowannensu yake sallar Asuba?

Babba, a masallacin layinsu, a Garki. Ya dawo ya ɗan kishingiɗa. Ya karya da yara. Ya taka zuwa bakin titi.

Ƙarami fa? Yau a gefen titi. Gobe a gidan mai. Da alwalar ruwan leda. Ido ɗaya na kan mota.

Gidansa a Masaka yake.

Mun kama shi. Mai laifin shi ne hanya.

Bari mu tsaya a kansa, don ɓarawon nan gwani ne. Ƙarfe huɗu da rabi ƙararrawar waya ke tayar da Ƙarami. Ya sa kaya cikin duhu don kada ya tayar da yara. A bakin titi ana kokawar shiga mota, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, gwiwarsa na dukan giya duk lokacin da direba ya canza. Daga Masaka zuwa Ado, zuwa Mararaba, zuwa gadar Nyanya, zuwa Kugbo, har shataletalen AYA, mota na jan ciki, birki ya fi totur aiki. Yana duba agogo, yana duba fuskokin fasinjoji ko 'yan fashin wan-cans ne. Da yamma a sake sabon lale, a juye. A cikin goslo yake cin abincin darensa ta taga: biredi, soyayyen abu mai maiƙo, lemon kwalba mai sanyi. Ga amsar tambayar da ka riƙe.

Yanzu ɗauki biro. A ce awa 2 zuwa, awa 2 dawowa. Awa 20 ke nan a mako. A makonni 48 na aiki, awa 960, wato kwana 40 cur, dare da rana, a kujerar mota. Idan ya yi shekara 35 na aikin gwamnati a haka, kusan shekara 4 na rayuwarsa a titi suka ƙare. Rana kuma ba ta wuce awa 24 ga kowa. Ofis ba ya yafe nasa kason, to daga ina awa huɗun ke fita? Daga barci, wanda ya kamata ya kai awa 7. Daga tattaki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ya kai minti 150 a mako. Daga girkin gida, da hira da iyali, da zumunci. Ƙarancin barci na tayar da jini, yana kuma ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Fargabar latti na sa jiki ya yi ta zubo sinadaran tashin hankali, zuciya na gudu alhali ƙafa na zaune. Ga hayaƙin manyan motoci a hanci, wanda tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa na dizal a jerin masu haddasa cutar. Hanya ba ta aiki ita kaɗai. Gishirin nan da ɓacin ran nan da muka zarga, duk yaranta ne.

Kuma ba wannan ne laifinta na farko ba. A 2012, binciken Christine Hoehner kan mutum 4,297 a jihar Texas ta Amurka ya nuna masu tafiyar fiye da kilomita 16 zuwa aiki sun fi yawan hawan jini, waɗanda suka haura kilomita 24 kuma sun fi ƙiba da ƙarancin motsa jiki. A 2014, ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya gano damuwa da rashin walwala sun fi tsanani ga masu tafiyar minti 61 zuwa 90. A Suwidin, Erika Sandow ta Jami'ar Umea ta tarar haɗarin mutuwar aure ya ƙaru da kashi 40 cikin 100 ga masu doguwar tafiya. Can fa inda titi ke da kyau ke nan.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya kai Ƙarami Masaka? Tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, ofisoshi suka taru a tsakiyar gari, haya ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, rusau ya ƙara kora talaka zuwa Mararaba, Suleja, Zuba da Gwagwalada. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018 bai bi ta hanyar Masaka ba. Araha ba ta ado, mai gidan haya ya rage masa naira, titi ya karɓa da jini.

Hukunci ke nan, saura gyara. Jihar Kaduna ta mayar da aikin gwamnati kwana huɗu a mako a 2021, don haka rage zirga-zirga ba mafarki ba ne. Shugabannin ma'aikatu su sassauta lokacin shiga da tashi, su bar wanda aikinsa na kwamfuta ne ya yi wasu ranaku a gida. Kai kuma mai dogon zango, sauka kafin tasharka ka taka na minti goma, ɗauki abincin gida a kula, kashe waya ka kwanta da wuri, ka riƙa auna jininka ko ba ka jin komai. Ranar da za ka kama sabon gida, kada ka tsaya a tambayar nawa ne kuɗin haya. Ka tambaya awa nawa ne zuwa wurin aiki ranar Litinin da safe.