Neman Opal a Coober Pedy: Inda Tocila Ta Fi Wayar Salula Amfani

A garin Coober Pedy da ke hamadar Kudancin Ostareliya, kimanin kilomita 850 arewa da Adelaide, an ware fili inda baƙi ke tona tarin ƙasar da masu haƙar ma'adinai suka zubar, ko a dace da opal, dutsen nan mai daraja da ke sauya launi idan an juya shi. Matuƙar da hannu za a tona, ba a neman lasisi; da zarar mutum ya ɗauko diga ko inji, sai da izini. An fara haƙa a nan ne bayan wani yaro, Willie Hutchison, ya tsinci dutsen a 1915.

Da rana aikin akwai wuya, domin ƙura kan lulluɓe komai ya zama fari. Shi ya sa masu nema ke riƙe tocila mai hasken UV. Opal ɗin yankin yakan yi haske idan wannan tocila ta haska shi a cikin duhu, ƙasar da ke kewaye kuwa ta kasance dishi-dishi. Manyan masu sana'ar ma haka suke yi: inji na jan ƙasa a kan bel ta cikin ɗaki mai duhu, suna tsincewa.

Manhajojin da ke iƙirarin mayar da waya irin wannan tocila yaudara ce kawai. Fuskar wayar suke rinawa shuɗi, filashinta kuma farin haske yake bayarwa. Ita ma tocilar ta gaske ba ta tantance daraja, domin akasarin abin da ake tsinta opal ne marar launi, wanda ba ya kawo kuɗin kirki, kuma shi ma yana haskawa. Amfanin waya a nan shi ne bidiyo: hoto ɗaya ba ya nuna yadda launi ke yawo a jikin dutsen, sai an jiƙa shi an juya shi a gaban kyamara.

Babban haɗarin yana ƙarƙashin ƙafa. Dubban ramukan haƙa ne a buɗe kewaye da garin, wasu zurfinsu ya kai mita 30. Allunan gargaɗi sun hana gudu, sun kuma hana tafiya da baya, wato daidai abin da mai neman hoto ya fito da kyau yake yi idonsa na kan waya.