Ni'imar Maƙwabcin Kirki: Abin Da Ya Faru A Masallacin Nghar Yelwa

In aka ce wa ma'aikacin gwamnati ko ɗalibi ya lissafa ni'imomin da Allah ya yi masa, abin da zai fara ambata shi ne lafiyar jiki, sa'an nan albashi da ƙarin girma, ko cin jarrabawa, ko samun gidan zama. Da wuya a ji ya ambaci mutumin da katanga ɗaya ce ta raba su. Amma akwai waɗansu mutane a Jihar Filato waɗanda in za su yi irin wannan lissafi, to da maƙwabci za su fara, domin ta hannunsa ne Allah ya bar su da ransu.

Mutanen nan su ne Kiristoci 262, yawancinsu 'yan ƙabilar Birom, waɗanda suka sami mafaka a ƙauyen Nghar Yelwa da ke gundumar Gashish, cikin Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, ran Asabar 23 ga watan Yuni, 2018.

Kafin a kai ga abin da ya auku a ranar, ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi Musulmi da Kirista suka zama maƙwabta a wannan wuri. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka buɗe aikin haƙar kuza a ƙasar Jos, Hausawa da sauran kabilu suka riƙa kwararowa neman abinci, suka zauna a barikokin kuza tare da 'yan ƙasa. Sunan Barikin Ladi ma kansa daga wannan zamani ya samo asali. Da kasuwar kuza ta faɗi, musamman bayan rushewar farashinta a 1985, da yawa daga cikin baƙin ba su koma garuruwansu ba, domin nan aka haife su, nan kuma suka binne iyayensu. Sai suka kama noma da kasuwanci, ana cin kasuwa ɗaya, ana zuwa suna da jana'izar juna.

Wannan zama ya fara lalacewa tun daga rikicin Jos na watan Satumba, 2001, wanda ya sake tashi a 2008 da 2010. Asarar da aka fi ƙidayawa ita ce ta rayuka da dukiya, amma akwai wata wadda ba ta shiga rahoton hukuma, watau asarar maƙwabta. A cikin garin Jos mutane da yawa suka sayar da gidajensu, ko suka yi musaya, kowa ya koma unguwar da masu addininsa suka fi yawa. Wanda ya shekara talatin yana aron tsani da turmi a gidan wani, sai ga shi yana tsoron bi ta ƙofar gidan.

Cikin irin wannan hali ne waɗansu mutane ɗauke da makamai, waɗanda ake zargin makiyaya ne, suka auka wa ƙauyukan Barikin Ladi a ranar da aka ambata, suna harbi suna ƙone gidaje. 'Yan sanda sun ce mutum 86 aka kashe, alhali kuwa mutanen yankin sun ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Gwamnan jihar na lokacin, Simon Lalong, ya kafa dokar hana fita a Barikin Ladi da Riyom da Jos ta Kudu.

Waɗanda suka tsere suka nufi unguwar Musulmi, inda limamin wurin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya tarbe su. Ya shigar da mata cikin gidansa, maza kuwa ya kai su masallaci. Ba a jima ba maharan suka iso, suka ce ya fito musu da waɗanda ya ɓoye, in ba haka ba su ƙone masallacin da gidan gaba ɗaya. Liman ba shi da ko sanda. Ya ƙi buɗe musu ƙofa, ya yi ta roƙonsu, har ya faɗi ƙasa a gabansu yana kuka, ya nuna ya yarda a ɗauki ransa a madadin na baƙinsa. Waɗansu Musulmin unguwar suka taya shi roƙo. Daga ƙarshe maharan suka juya, ko da yake sun cinna wa coci biyu da ke kusa wuta.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne dalilin da liman ya bayar daga baya, sa'ad da 'yan jarida suka tambaye shi. Ya ce fiye da shekara 40 kafin wannan rana, Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin, kyauta. Ashe ɗakin da ya tsare rayukan mutanen nan a kan ƙasar iyayensu yake. Waɗanda suka ba da filin ba su san ranar za ta zo ba, watakila ma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma ba kullum ne ake ganin karin maganar ta tabbata a fili haka ba. Saboda haka godiya a Nghar ta fuska biyu ce: Kirista ya gode wa Allah da ya ba shi liman maƙwabci, liman kuma bai manta da maƙwabtan da suka ba shi wurin yin salla ba.

Duniya ta yaba. A watan Yuli, 2019, Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ta ba Malam Abubakar lambar girmamawa kan 'yancin addini, sa'an nan a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar MON. Lalle ya cancanta, sai dai kuma ba shi kaɗai ya ɗauki nauyin ba. Ciyar da mutum fiye da 260 a ƙauye, cikin damina, lokacin da hatsin bara ya yi ƙasa a rumbu, aiki ne na gidaje da yawa, da matan da suka yi ta ɗora tukunya waɗanda ba a buga sunansu a ko'ina ba.

Kwana biyar mutanen suka yi a hannun maƙwabtansu kafin a mai da su sansanin 'yan gudun hijira. Da aka zanta da waɗansunsu, abin da suka ambata cikin godiyarsu shi ne an ba su abincin rana da na dare, kuma tun da aka shigar da su masallacin ba a taɓa ce musu su fita ba, ko da lokacin salla ya yi.